Bidiyo ya ƙi buɗewa a PlayStation ko kwamfuta: ga inda ake dubawa

Mutum ya je wurin masu turi a babbar kasuwar Maradi, an cika masa kile, wato filas, da fina-finai, ya dawo gida ya soka a PS4, sai na'ura ta ce ba ta san fayil ɗin ba. Sau da yawa fim ɗin lafiyarsa lau. Matsalar tana ɗaya daga wuri uku: abin da ke cikin fayil, tsarin kile, ko allon da ake kallo.

A fara da fayil, don nan aka fi ruɗewa. MP4, MKV da AVI da ake gani a ƙarshen suna buhu ne kawai. Abin da na'ura take karantawa shi ne yadda aka matse hoton da ke ciki. H.264 kusan kowace na'ura ta san shi. H.265, wanda ake rubutawa HEVC ko x265, yana rage nauyin fim sosai, shi ya sa masu turi ke son sa, amma PS3 da PS4 ba sa karanta shi. Sauya sunan fayil daga .mkv zuwa .mp4 ba ya gyara komai, gero ne dai a sabon buhu. Don ka tabbatar, buɗe fim ɗin da manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta, ka danna Ctrl da J tare, zai nuna maka yadda aka matse hoto da sauti. Idan hoto na fitowa a PS4 babu murya, galibi sautin DTS ne. AAC, MP3 da AC-3 take ɗauka. PS3 kuwa ba ta buɗe MKV ko kaɗan.

Maganin shi ne HandBrake, manhaja ce ta kyauta. Jefa fayil ɗin ciki, zaɓi Fast 720p30 ko Fast 1080p30, ka tabbatar MP4 ne da H.264 da sautin AAC, ka bar lambar inganci kusa da 22. Ƙaramar lamba ta fi kyau amma ta fi nauyi. Aikin yana dafa tsohuwar kwamfuta, musamman a zafin Afrilu, don haka a ɗaga ta daga kan katifa ko tabarma iska ta shiga ƙasanta, kuma a jona ta da caja. Wannan juyin ne ma ke warkar da kwamfutar da fim ke sarƙe mata: injinan Intel sai daga zubi na 6, na 2015, suka samu cikakken sashen karanta H.265 a jikinsu, na baya da ƙarfin tsiya suke yi, hoto na tsalle murya ta wuce gaba.

Sai kile. PS4 da PS5 suna karanta kile mai tsarin FAT32 ko exFAT, ba sa karanta NTFS. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, saboda haka exFAT ya fi, in ban da PS3 da FAT32 kaɗai ta sani. Kwashe kayanka kafin ka sauya tsarin, don komai zai goge. Kuma a sa fina-finan cikin folda, PS4 ba ta ganin waɗanda aka zube a fili.

Allo shi ne na uku. 720p yana nufin ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, 1080p kuwa 1920 da 1080, 4K kuma 3840 da 2160. Yawancin talbijin masu inci 32 da ke gidajen wasan unguwa 1366 da 768 ne ainihin allonsu, suna karɓar 1080 ne su rage. A irinsu, fim ɗin 4K ɓarnar wuri ce da ɓarnar kuɗin intanet. Mai talbijin 4K na gaske ya duba ramin HDMI: 1.4 yana tsayawa a hoto 30 a daƙiƙa, 2.0 ya kai 60, sai 2.1 ke ba PS5 damar 120.

Idan aka ɗauko na'ura daga babban talbijin zuwa ƙarami sai allo ya yi baƙi, kada a yi saurin kai ta wurin mai gyara. A PS4, kashe ta gaba ɗaya, riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 7 har ka ji ƙara ta biyu, jona hannun wasa da wayar USB, ka ɗauki zaɓi na 2, na sauya girman hoto. A PS3, riƙe maɓallin kamar daƙiƙa 5 har ƙara ta biyu, za ta sake neman allo da kanta.

Masu haɗa PS4 da allon kwamfuta mai VGA su sayi mahaɗin da ke da nasa ramin wuta da na sauti, don VGA ba ya ɗaukar murya. In hoto ya ƙi zuwa, a jona na'urar da talbijin tukuna, a shiga saitin tsarin na'ura a cire alamar HDCP, wato kariyar hana kwafar hoto, sannan a mayar da na'urar kan allon kwamfutar. Wasa zai tafi, amma Netflix da faifan Blu-ray za su ƙi har sai an mayar da alamar.