Baccin minti 20 bayan azahar

Jama'a ga wata dabara da na gwada ta yi min aiki, musamman ku masu zaman shago da 'yan ofis.

Kana idar da sallar azahar, saita alam ɗin wayarka minti 20, kashe data, ka jingina da bango ko ka miƙe kan benci ka rufe ido. Ko bacci bai ɗauke ka ba kar ka tashi. Ka riƙa jan numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

Sirrin duk a minti 20 ɗin nan yake. In ka wuce rabin awa bacci ya fara nisa, shi ya sa kake farkawa kai ya yi maka gingirim kamar an yi maka duka, har ka ce gara da ban kwanta ba.

Ni har ƙari nake yi, in sha shayi ko in ɓantari goro kafin in kwanta, don abin da ke hana bacci a cikinsu sai ya yi kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya kama jiki, to kana farkawa shi kuma yana fara aiki. Masu olsa dai ku bar goron nan.

Bayan la'asar fa kar ka gwada, da dare za ka yi ta juyi. Wanda dama bacci ke masa wuya da daddare shi ma ya haƙura da na rana. Kuma in raba dare kake yi a TikTok, malam, minti 20 ba zai biya wannan bashin ba.