Yadda ake kula da karen gadi a gidajen Zangon Kumasi

A unguwanni irin su Aboabo, Asawase da Sawaba ba kasafai ake ajiye kare don sha'awa ba. Galibi mai gida yakan kawo shi ne domin gadin gida, ko shago, ko tumakin da ake kiwo a bayan gida. Saboda haka ake yawan ɗaure shi da gajeriyar sarƙa tun yana ɗan kwikwiyo, bisa zaton cewa ɗauri da yunwa su ne suke sa masa zafi. Wannan zato kuskure ne, domin karen da ya saba wuni a ɗaure cikin rana ba ya iya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci, kuma shi ne yake cizon yaro ran da sarƙar ta tsinke.

Abu na farko da za a yi bayan an kawo kwikwiyo gida shi ne a kai shi wurin likitan dabbobi, ko a ofishin kula da dabbobi na gwamnati, wanda yake ƙarƙashin ma'aikatar abinci da noma, ko a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa. Ana fara allurar rigakafin cutar parvo da sauran cututtukan ƙuruciya yana da mako 6 zuwa 8, sannan a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Parvo ita ce cutar da take sa kwikwiyo amai da zawo mai jini, kuma ƙwayarta tana daɗewa a cikin ƙasa har watanni, don haka bai kamata a sake shi a titi ba kafin ya gama allurar. Rigakafin ciwon haukan kare kuma ana yin sa ne yana da wata 3, a sabunta kowace shekara, a adana katin da likita ya rubuta. Maganin tsutsar ciki ana ba ƙaramin kwikwiyo bayan kowane mako 2 har ya kai wata 3, babban kare kuwa bayan kowane wata 3.

A kan abinci ne masu kare suka fi yin ganganci. Ragowar tuwo, banku ko waakye ba laifi ba ne, amma ita kaɗai ba ta gina jiki, sai an haɗa da kifi, ƙwai dafaffe ko guntayen naman da ake samu wurin mahauta. Matsalar tana cikin miyarmu, wadda ba ta rabuwa da albasa, tafarnuwa da barkono. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare a hankali, shito kuwa, wato soyayyen yajin barkono, yana ɓata masa ciki. Ya fi kyau a ware masa rabonsa kafin a zuba miya. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa ya soke hanji, haka nan cakulan da inabi guba ne a gare shi. Kwikwiyo yana cin abinci sau uku ko huɗu a rana, babba sau biyu. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke masa dare da rana, musamman a watannin Fabrairu da Maris, saboda kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa.

Makwancinsa ya zama mai inuwa da rufi, an ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina, wanda a Kumasi yake zuwa sau biyu a shekara. A riƙa share wurin kullum, domin akwai wani ƙuda da yake saka ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi kumburi mai ƙaramin rami a tsakiya. Kaska da ƙuma kuma a duba su a cikin kunne, a wuya da tsakanin yatsu. Kada a shafa masa baƙin man inji don maganin ƙaiƙayi, kada kuma a ba shi paracetamol ko wani maganin mutane ba da umarnin likita ba.

Kare yana buƙatar tafiya, kuma bayan sallar asuba ko bayan la'asar ne lokacin da ya fi dacewa, yana riƙe da igiya a hannun babba. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, wajibi ne a nuna masa mutanen gida tun yana ƙarami har ya san su, a ware masa kwanonsa nesa da butoci da wurin alwala, a kuma kwashe kashinsa da wuri, domin yawancin rigimar maƙwabta a kan kare daga nan take tasowa. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro; idan ya bi umarni a ba shi ɗan nama nan take, zai riƙe darasin. Wanda yake da karya kuma ba ya son 'ya'ya, to ya nemi likita ya yi mata aikin hana haihuwa, saboda takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara.

Idan kare ya ciji mutum, ko da nasa ne mai kati, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran alama, domin da zarar alamar ciwon hauka ta bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tsira. Shi kuma karen kada a yi saurin kashe shi. A killace shi, a sanar da likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10.