Kafin ka ce lissafin Einstein ya rushe

Kusan duk wata sai wani ɗalibi ya turo mini takardu cike da lissafi, wai ya gano inda Einstein ya yi tuntuɓe a maƙalarsa ta 1905, wadda ta ce wanda ke tsaye zai auna agogo mai gudu yana jinkiri. Tambaya ba laifi ba ce. Abin da ya ishe ni, rami ɗaya ne kowa yake faɗawa.

Ramin nan na san shi, don na kwana a ciki. Ga agogo biyu, ɗaya na gudu da kashi 80 cikin 100 na saurin haske. Kowanne zai auna cewa ɗan'uwansa na jan ƙafa, daƙiƙa 3 a maimakon 5. Sai na rubuta t' = 0.6t (t lokacin agogo ɗaya, t' na ɗayan), na juya na rubuta t = 0.6t', na ce ai magana ta ƙare, lissafin ya ci karo da kansa. Wata huɗu ina cika littafi da wannan, na yi watsi da karatun jarrabawa, na faɗi. Malamina shafin farko kawai ya duba, ya sa jan biro ya zagaye inda na jefar da vx/c². Cikakken lissafin Lorentz, wanda ke juya lokacin agogo ɗaya zuwa na ɗayan, shi ne t' = γ(t − vx/c²). A nan v saurin agogon ne, x tazara, c saurin haske, γ kuma adadi ne da ya dogara da v. Wannan ɗan guntun na vx/c² shi ke cewa abubuwa biyu masu tazara da suka faru lokaci guda a wurinka, ba lokaci guda suka faru a wurin mai gudu ba. Ashe t ta layin farko da ta layi na biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. A nan Herbert Dingle, farfesa a Landan, ya maƙale har ya fitar da littafi a 1972. To kai da ko zanen Minkowski, mai nuna wuri da lokaci tare, ba ka taɓa yi ba, gaggawar me kake?

Tun ranar ba na rubuta t sai na sa a gefe: agogon wa, a ina, me ya faru. Sai na zana kafin in taɓa lissafi.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Rabin saurin haske a kan rabi 0.8c yake bayarwa, ba c ba. A batun tagwaye, inda ɗaya ya zauna, ɗaya ya yi tafiya da gudu ya dawo ya tarar ɗan'uwansa ya fi shi tsufa, wanda ya tafi ya juyo shi ya sauya ma'auni, wato ya canza gudunsa, saboda haka ba daidai suke ba.

Kuma don Allah a daina cewa ba a gwada ba. Ƙwayar muon, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai gudu kusan da saurin haske, kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa take rayuwa, tafiyar kamar mita 660 ke nan. Sama da kilomita 10 take samuwa a sararin sama, amma kullum na'urori suna kama ta a ƙasa, don a ma'auninmu agogonta yana jinkiri.