Yadda ake watsa Aflasafe a gonar masara da gyaɗa don rage gubar fumfuna

Duk damina sai an samu manomin da ya sayi Aflasafe da kuɗinsa, ya watsa a gona, kwana biyu ya kawo shanu aka yi huɗa aka binne shi. Idan kaka ta yi aka gwada masarar aka tarar da guba, sai ya ce maganin na bogi ne, alhali shi ya kashe abinsa da hannunsa. Saboda irin wannan nake rubutun nan. Ba zan tsaya kan gyaran gona da shuka ba, wannan kowa ya iya.

Gubar da ake magana a kai sunanta afilatoksin. Wata fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus, da 'yar'uwarta Aspergillus parasiticus, suke haifar da ita a cikin masara da gyaɗa. Duniya ta farga da ita a 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda gurɓatacciyar masara. Wanda ke cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa, hantarsa take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman in yana da ciwon hanta nau'in B, kuma binciken da aka yi a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Dahuwa ba ta kashe ta, suyar ƙuli-ƙuli ma haka.

Abin da masana na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da takwarorinsu na ma'aikatar noma ta Amurka suka gano shi ne, cikin dangin fumfunar nan akwai waɗanda ba sa yin guba sam. Suka zaɓo guda huɗu daga ƙasar Najeriya, suka shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, suka rina ta shuɗi don kada a ɗauka ta ci ce. Shi ke nan Aflasafe. Hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a 2014, kuma wani nazari da aka fitar a 2019 kan gonakin manoma daga 2009 zuwa 2018 ya nuna gubar tana raguwa da fiye da kashi 80 cikin 100. Gana da Senegal da Kenya kowacce da nata haɗin, daga fumfunar ƙasarta.

Ka riƙe yadda yake aiki, don a nan duk kurakuran suke. Dawar nan abinci ce ga fumfuna mara guba. Idan ta sami laima sai fumfunar ta tsiro a jikinta, ta yi ƙura, iska da ƙwari su ɗauki ƙurar su kai kan amfanin gona. Kamar rumfunan kasuwa ne, wanda ya yi sammako shi ke kama wuri, mai guba in ya zo ya tarar babu gurbi. Ke nan abu biyu ake nema: ƙurar ta samu tashi, kuma ta riga mai guba isa.

Fara da rubuta ranar da ka yi shuka. A bango, a waya, ko ina, amma ka rubuta. Ana watsa Aflasafe mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da furen samanta. Idan irinka yana fitar da shi a kwana 55, to tsakanin kwana 34 da 41 za ka watsa. Iri mai saurin nuna sai ka matso da lissafin baya. Wanda bai san halin irinsa ba ya tambayi inda ya saya, ko ya lura da tsayin shukar, galibi lokacin tana kai wa babban mutum ƙugu. Gyaɗa kuma wajen wata guda da 'yan kwanaki bayan shuka, ka duba abin da aka rubuta a jikin leda. Mutanenmu da yawa sai sun ga masara ta yi goyo gemu ya fito sannan su tuna da ledar da ke ɗaki. A lokacin an makara, mai guba ya riga ya shiga.

Kafin ranar watsawa ka gama duk wani aikin da zai motsa ƙasa. Maimai, zuba yuriya ta ƙarshe da rufe ta, huɗa, duka a gama. Wannan shi ne wurin da na fi ganin ana faɗuwa, kuma na san dalili: mun saba duk abin da aka zuba a gona sai an rufe shi, iri a rufe, taki a rufe, don haka hannun manomi ba ya son barin ƙwaya a fili. Wani ma da ƙafa yake bi yana turbuɗe ta don tausayin kada tsuntsu ya ci. To ƙwayar da ke ƙarƙashin ƙasa ko ta yi fumfuna ƙurarta ba ta da hanyar fita. Ka bar ta a sarari, a kan ƙasa, ƙarƙashin inuwar ganye. Idan 'yan ƙwadago ne ke maka aiki ka gaya musu da bakinka, kada ka aika yaro, kuma ka biya su kuɗin huɗa tun kafin ka buɗe ledar, don kada su dawo daga baya su ce sun zo ƙarasa aiki. Ni a wurina, gonar da aka watsa wa Aflasafe fartanya ba ta sake shiga sai bayan mako biyu aƙalla, ciyawar da ta dame ka ka cire da hannu.

Sai laima. Ka watsa bayan an yi ruwa ƙasa tana da danshi, ko ranar da hadari ya haɗu kana sa ran yayyafi. In an shiga fari na 'yan kwanaki ƙasa ta bushe ƙayau, ka jira, amma kada jiran ya fitar da kai daga makonnin da muka lissafa. Ranar da ake mamakon ruwa ma ba ta yi ba, a gona mai gangare ruwan zai kwashe dawar ya tara ta a kwari. Na fi son yamma, rana ta yi sanyi, raɓar dare ta sauka a kai.

Awon shi ne kilo 10 a hekta ɗaya, wato kilo 4 a eka. Idan ka raba, giram ɗaya ne a murabba'in mita, ƙwaya talatin da 'yan kai a filin da bai wuce dogon taku ɗaya a tsawo da ɗaya a faɗi ba. Kaɗan ne ƙwarai a ido, shi ya sa sabon shiga yake cika hannu, kafin ya kai tsakiyar gona leda ta ƙare. Maganin wannan, ka raba gonar gida huɗu da ido ko da turaku, ka raba dawar ma gida huɗu a kwanuka, kowane kwano da yankinsa. Ka bi kunya-kunya kana yafawa hagu da dama, hannu ƙasa-ƙasa don kada ƙwayar ta maƙale a cikin kunnen masara. Ka gama ka wanke hannu. Ragowar kada ta shiga tukunya, kada a ba kaji.

Maganar kaji: in gonar bayan gida ce, ka kulle kaji da zabi na 'yan kwanaki, in ba haka ba su za su yi maka kalaci da kuɗinka. Tururuwa ma tana ja, amma ba ta cika ƙarar da shi ba.

Bayan mako guda zuwa kwana goma ka koma ka tsuguna ka duba. Za ka ga ƙwayoyin sun yi gashi-gashi, kore mai ɗan rawaya ya lulluɓe shuɗin. Wasu suna ganin haka sai hankalinsu ya tashi wai maganin ya ruɓe. Aikin ke nan ya kama. In ka tarar da su shuɗi fes kamar yadda ka zuba, laima ce ta yi ƙaranci, ko kuma kayan sun mutu tun a shago. Shi ya sa wurin saye ka duba ranar ƙarewar aiki, kuma ka guji ledar da aka baje a rana bakin titi, abu ne mai rai. Kada ka fesa maganin kashe fumfuna a gonar a wannan tsakanin.

Game da kuɗi, gaskiya ita ce Aflasafe ba ya ƙara yawan buhu, ba ya kashe tsutsa, kuma ɗan kasuwar ƙauye ba zai ƙara maka ko naira ba don ka yi amfani da shi. Masu biyan ƙari su ne kamfanonin abincin kaji da na abinci masu gwada kaya, da masu fitarwa waje, inda Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 na gubar a kilo, Amurka kuma 20 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). In kuɗinka bai kai na duk gonakin ba, ka fara da wadda iyalinka za su ci. Sau ɗaya ake watsawa a damina, kuma kowace shekara sai an sake.

Sauran aikin na kaka ne, kuma Aflasafe ba zai rufa wa mai sakaci asiri ba. Ka karya masara da ta nuna, kada ka bar ta kwance a ƙasa. Gyaɗa a cire ta kan lokaci, a kife ta 'ya'yan suna sama, a yi hankali da fartanya don ɓawon da ya fashe ƙofa ce ga fumfuna. A shanya a kan tamfol ko siminti, ban da ƙasa tsura. Masara ta bushe zuwa kashi 13 cikin 100 na laima, gyaɗa wajen kashi 7 zuwa 8. Wanda ba shi da na'urar awo ya zuba masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ya girgiza, ya bari ta ɗan zauna, in gishirin ya manne a jikin kwalbar a mayar da shanya. A tsince masu launi da masu huji da waɗanda suka yanƙwane, kuma kada a zuba wa shanu ko kaji, gubar tana fitowa a nonon shanu. Buhu mai hawa uku irin na PICS sai hatsi ya bushe sarai ake ɗaure shi, a jera buhunan a kan katako, nesa da bango.