Kolin Lahadi: kurakuran da masu sayayya ta intanet suka fi yi a Damagaram

Kusan duk mai tallar kaya a WhatsApp da Facebook yanzu ya iya wata magana: “Muna kai kaya har ranar Lahadi.” Maganar tana jawo ciniki, don Lahadi ce ranar da ma'aikaci ke gida, ɗan makaranta ke gida, uwargida ma tana da mai leƙa mata ƙofa. Sai dai rigima da yawa tsakanin mai saye da mai sayarwa daga wannan alkawarin take tasowa, kuma sau da yawa babu wanda ya yi niyyar cuta. Kowa da abin da ya fahimta.

Al'adar ba a nan ta samo asali ba. A Amurka, gidan wayar gwamnati ya daɗe yana hutun Lahadi, har ma a farkon 2013 ya so ya daina raba wasiƙu ranar Asabar saboda asara, kafin ya janye. A watan Nuwamba na wannan shekarar ne ya ƙulla yarjejeniya da Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya fara kai kayan kamfanin gida-gida ranar Lahadi, a New York da Los Angeles tukuna, daga baya sauran birane. Wasiƙa na raguwa, kwalin kaya na ƙaruwa, sai gidan wayar ya bi inda kuɗi yake. Kamfanonin kai kaya FedEx da UPS suka shigo sahu a 2020, shekarar da korona ta kulle mutane a gida, sayayya ta intanet ta yi tashin da ba a taɓa gani ba. Abin lura shi ne, a 2022 FedEx ya janye kai kayan Lahadi daga wasu yankunan karkara, don mota ta yi doguwar tafiya saboda kwali biyu ko uku ba riba ba ce. To, idan haka ta faru a ƙasar da kusan kowane gida ke da lamba, kusan kowane titi ke da suna, mai saye a Garin Malam ko Kara-Kara ya kamata ya yi tambaya kafin ya sa rai.

Kuskure na farko, wanda sauran ke bi bayansa, shi ne rashin tambayar a hannun wa kayan za su kasance ranar Lahadin. A nan garin, ranar ba ɗaya ba ce ga kowa. Ɗan kabu-kabu ba ya hutu. Motocin kamfanonin sufuri irin su Rimbo, STM, SONEF da Al Izza suna tashi kullum. Amma banki a rufe yake ranar Lahadi, ofisoshin gwamnati kuwa Asabar da Lahadi, ga kuma Juma'a da ake tashi da wuri. Saboda haka idan kayanka suna shagon wata Hajiya a Sabon Gari, Lahadi ba matsala, kafin ka shanye shayi an kawo. Idan daga Yamai za su taso, Lahadi tana yiwuwa, amma da sharaɗi. Idan kuwa daga waje suke, suna jiran sa hannun duwan, wato kwastan, ko suna gidan waya, ka cire Lahadi daga lissafi, komai daɗin bakin mai tallar. Gyaran ba wuya: kafin ka tura ko dala, ka ce masa, “Malam, yanzu haka kayan suna ina? Wa zai ɗauko su, ta wace hanya?” Wanda ya fara kame-kame a kan wannan tambaya, kayan ba a hannunsa suke ba, shi ma hoto ya gani ya sa a shafinsa.

Batun Yamai yana son a ɗan tsaya a kansa, don a nan aka fi samun saɓani. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, ta Doso, Dogon Dutse, Ƙonni da Maraɗi. Motar da ta tashi da asuba sai dare take shigowa. Mai sayarwa ya ce maka, “Na sa kolinka ranar Asabar,” kai sai ka lissafa Lahadi da safe. Alhali abin da yake nufi shi ne ya kai kayan tasha ranar Asabar da yamma, aka rubuta, aka ajiye. Motar da za ta ɗauka sai asubahin Lahadi, in ma an sami wuri, don kayan fasinja ake fara lodawa. Ta iso da dare, an rufe wurin karɓar koli, sai Litinin. Babu wanda ya yi ƙarya, amma kai ka ɓata yini kana zaman jira, har ka fasa zuwa ɗaurin aure. Abin yi shi ne ka nemi hoton rasit ɗin tasha, wanda ke ɗauke da lambar kolin da ranar da aka karɓa, sannan ka tambaya ko mota ta tashi da shi ko tukuna. “An kai tasha” daban, “ya taso” daban.

Akwai kuma masu sa sunan da aka fi saninsu da shi a unguwa. A tasha ba a san Ladidi ko Baba Ƙarami ba, sunan da ke kan katin shaida ake dubawa. A ba mai sayarwa cikakken suna yadda yake a kati, da lambar salular da ke kunne. Idan yaro za a aika, tun farko a rubuta sunansa, ko a ba shi katin da rasit ɗin.

Sai kwatance. Mu nan ba da lambar gida muke gane wuri ba, da masallaci ne, da famfo, da mai tsire na kan kwana. Wannan ba aibi ba ne, muddin aka yi kwatancen don baƙo, ba don ɗan unguwa ba. “Bayan gidan Alhaji” ba kwatance ba ne a garin da kowane layi ke da Alhaji uku. A Birni ma abin ya fi tsanani, lunguna sun sarƙe, wani babur ma da ƙyar yake shiga. A fara daga abin da kowa ya sani, kamar fadar Sarki, Kasuwar Dole, ko babban asibiti, sannan a bi da mutum kwana-kwana. Wanda ya iya, ya tura alamar wurin ta WhatsApp yana tsaye a ƙofar gidan, ba yana kasuwa ba, don alamar inda kake tsaye take nunawa. Kuma a yi cajin waya tun dare. Ɗan kabu-kabu ya kira sau uku bai samu ba, zai juya da kayan, gobe kuma sabon kuɗin mai. Ga matan da ba sa fita, gara a faɗa tun da wuri: “Idan ka iso ka kira, ƙanena zai fito.” Ya fi a bar bawan Allah cikin rana yana rafka sallama.

Wajen kuɗi ne ake yin kuka na gaske. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma ga mutane suna tura kuɗi cif ga wanda ba su taɓa gani ba, saboda hotonsa na da kyau kuma yana yawan cewa “wallahi”. Aika kuɗi ya zama abu mai sauƙi ta Nita, Amana, Al Izza, ko ta salula da Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash. Sauƙin nan kuwa ga kowa ne, har da macuci, kuma da zarar an cire kuɗi a can, dawo da su sai an sha wuya. A ciniki na farko da mutum, in cikin gari yake, a biya bayan an ga kaya. In nesa yake, a ba da kafin alƙalami da kuɗin mota, cikon kuma sai kaya sun iso. In ya ƙi, a nemi wani ɗan'uwa a garin ya je shagon da ƙafarsa. Akwai wata dabara mai araha: a ce ya kira ta bidiyo ya nuna kayan a hannunsa, ya juya su, ya nuna shagon. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. A kuma lura da sunan da ya ce a tura wa kuɗin. Idan shafi na sunan mace ne, murya ta namiji, sunan karɓar kuɗi kuma na wani na uku, to a dakata. Lambar sirri ta cire kuɗi kuwa, ba a ba kowa ita don wai “a tabbatar” da wani abu.

Ranar Lahadi tana da nata tarkon a nan. Macuta sun san ranar hutu ce, shi ya sa za ka ji, “Saura guda ɗaya, in ba ki tura yanzu ba wata za ta ɗauka,” ko kuma, “Kayanki sun maƙale a duwan, a ƙaro kaza a fitar da su yau.” Maganar ta biyu ita kanta ta isa ta tona asiri. Kuɗin duwan na gaskiya da takarda yake zuwa, ba a biyansa a lambar wani mutum da yammacin Lahadi.

Masu saye daga Kano suna da nasu lissafin. Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, kimanin kilomita 240 ta Matamaye da Daura, shi ya sa atamfa da shadda daga Kantin Kwari, da wayoyi daga Farm Centre, suke shigowa da sauri. Kuskuren shi ne a amince da farashi ba a faɗi da wane kuɗi ba. Sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ta motsi. Naira kuwa tana hawa da sauka, musamman tun 2023 da aka bar kasuwa ta tsayar da darajarta, don haka canjin da aka yi magana a kai ranar Alhamis ba lalle ya kai Lahadi ba. Ga kuma ƙirgarmu ta dala: Badamagare ya ce “ɗari” yana nufin sefa 500, Bakano ya ce “ɗari” yana nufin naira 100. A rubuta adadi da lamba, a rubuta sefa ko naira a gefensa, a kuma rubuta wa zai biya mota da abin da za a kashe a kan iyaka. Iyakar ma ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Kayan Sin labarinsu ya fi tsawo. Farashin da ake gani a AliExpress ko Alibaba ba shi ne abin da kaya za su tsaya maka ba. Akwai kuɗin jirgi, wanda ake lissafawa da kilo in ta sama ne, da girman kwali in ta ruwa ne. Akwai ladan wakilin da ke tattara kaya a birnin Gwangzu, akwai duwan, akwai harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, sannan motar Yamai zuwa nan. Nijar ba ta da teku, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo. Mai yin odar kayan Salla a goman ƙarshe na azumi ya makara tun kafin ya fara. Haka wanda odarsa ta faɗa cikin hutun sabuwar shekarar Sin, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa.

Ƙananan abubuwa ma suna ɓata ciniki. Rigar da aka rubuta wa XL a Sin tana iya zama M a jikin namu mutanen, don haka a auna da tef, a gwada da santimitan da ke shafin. Kayan wuta na Amurka yawanci na ƙarfin wuta volt 120 ne, mu kuwa volt 220 muke da ita, in ba a duba ba jonawa ɗaya ta isa. Waya kuma a tambaya ko a buɗe take ga kowane layi. Man shafawa, turare da janbaki ba sa son ƙarƙashin mota a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai a roƙi a naɗe su da kyau, kuma kada a bari su kwana biyu a tasha.

Wani kuskuren da ba a cika ɗauka da muhimmanci ba shi ne karɓar kaya a ruɗe. Lahadi gida cike yake da baƙi, sai a karɓi leda a jefa ɗaki, a sallami mai babur, sai bayan isha a buɗe a ga an kawo shuɗi maimakon kore, ko gilashin waya a tsage. A lokacin mai sayarwa zai ce lafiya ya bayar, mai babur ya ce lafiya ya kawo. A buɗe a gaban wanda ya kawo. In a tasha ne, a duba ko an taɓa ɗaurin kafin a sa hannu, a kuma kunna bidiyo tun daga yanke salatif har fito da kayan. Maganar mayarwa ma tun kafin biya ake yinta: kwana nawa aka yarda, kuma wa zai biya kuɗin komawa. A yi ta a rubuce, ko da saƙon murya da ba za a goge ba.

Su ma masu sayarwa na nan gari suna da gyara. Ƴar'uwa mai sayar da turaren wuta ko kayan kicin daga ɗakinki, kada hoton rasit ya sa ki saki kaya, ana ƙirƙirarsa a waya cikin minti ɗaya. Ki ga kuɗin a asusunki tukuna, ko ki karɓo su a hannu. Kada kuma ki yi alkawarin Lahadi a kan kayan da ba su iso ɗakinki ba. In daga Kasuwar Dole za ki saro, ki yi ranar Alhamis da kasuwa ke ci sosai, ki ɗaure kowane koli da suna da lamba ranar Asabar, ki tara na unguwa ɗaya wuri ɗaya. Mai babur guda da kika sani, kika san gidansu, ya kwashe na Zango a tafiya ɗaya, ya dawo ya kwashe na Birni, kuɗin mai ya ragu, kuma in wani abu ya ɓace kin san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.