Yadda za ka gane ko waƙar rap tallan laifi take yi ko gargaɗi

Iyaye da yawa, da zarar sun ji an ambaci bindiga ko ƙwaya a waƙar da ɗansu yake saurare, sai su ƙwace wayar. Ban ga laifinsu ba. Amma ni da nake koyar da matasa, nakan so in fara sanin inda waƙar ta kai mai laifin kafin in yanke mata hukunci.

Ka nemo baitocin a rubuce a intanet, ka kashe kiɗan tukuna. Kiɗa yana ɗauke hankali, ga shi mawaƙan suna cika baitocinsu da kalmomin 'yan unguwa da ba a koyarwa a makaranta. Sai ka duba wa ke magana, domin ba kullum mawaƙi yake ba da labarin kansa ba.

Wadda nake gwaji da ita ita ce The Message, ta ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five, da kamfanin Sugar Hill ya fitar a 1982. 'Yan unguwar Bronx ne a birnin New York, inda gobara da rashin aikin yi suka ɗaiɗaita gidaje a shekarun 1970. A baiti na ƙarshe Melle Mel, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, ya ɗauko yaro tun daga haihuwa, yana yi masa magana kai tsaye. A nan nake so ka daɗe. Rubuta abin da ya ja yaron. Babu wanda ya tilasta masa. Ya dai buɗe ido ya ga masu kuɗin unguwar su ne 'yan caca da kawalai da dillalan ƙwaya, su ke hawa manyan motoci, su ke kashe kuɗi a gaban kowa. Ya bar makaranta yana ganin shi mai wayo ne, aiki ya gagara, ya shiga fashi. Wanda ya san yadda yaro ke fara bin 'yan daba a Kano ba zai ji labarin baƙo ba.

Daga nan ka ƙirga layuka: nawa aka ba daɗin, nawa aka ba sakamakon? A wannan waƙar daɗin bai daɗe ba. An ɗaure yaron shekara takwas, aka wulaƙanta shi a kurkuku, bayan shekara biyu aka tarar da gawarsa a rataye. Mawaƙin bai sassauta ko kaɗan ba, kuma wannan ne ya sa nake girmama baitin.

Sai dai akwai abin da nake tambaya wanda masu yabon waƙar ba su cika tambaya ba: ina waɗanda aka yi wa fashin? Kusan ba a gan su ba. Waƙar Children's Story ta Slick Rick, daga kundinsa na 1988, wadda ita ma labarin wani yaro ɗan fashi ce, ta fi kyautatawa a nan. Akwai tsofaffin da aka ƙwace wa kaya, akwai mace mai ciki da yaron ya yi garkuwa da ita, sannan zuciyarsa ta hana shi, ya sake ta. Aboki ne ya ruɗe shi da farko, 'yan sanda suka harbe shi yana ɗan shekara 17.

Idan ka bi waƙa har ƙarshe ka tarar mai laifin yana nan kan kuɗinsa, babu kurkuku, babu makoki, babu uwa mai kuka, to wannan talla ce, ka faɗa wa ɗanka hakan ba tare da kwana-kwana ba. Idan kuwa irin waɗancan biyun ce, ka zaunar da shi ya ba ka labarin da Hausa, daga farko har ƙarshe. Sannan ka tambaye shi a wane wuri ne yaron yake da damar komawa baya, kuma wa ya kamata ya riƙe shi a lokacin. Ka bar shi ya gama amsawa kafin ka sa baki.