Yadda ake fara tara tsofaffin sulalla da ɗan kuɗin aljihu

Masu yawan tambayata ta ina ake farawa, ga matakan:

1. Fara daga gida. Roƙi Kaka ta duba adakarta, anini da sisi da taro sukan maƙale a can.
2. Tsaya kan zamani ɗaya. Kwabban 1973, shekarar da naira ta fito, sun fi sauƙin samu.
3. Share ƙurar da busasshen ƙyalle mai laushi.

Hattara: kada ka dirje su da toka ko lemon tsami! Za su yi ƙyalli, amma darajarsu ta zube.

4. Naɗe kowanne a takardarsa.
5. Rubuta shekararsa a kai.
6. Wanda ka samu biyu, yi musaya da aboki.
7. Sannan ka leƙa Kasuwar Kurmi a Kano. Taya ƙasa, kada mai kaya ya ga zumuɗinka.